Na ga littafin Blok na 1905 da araha a Mosko, in saya? Kuma ta ina ake fara tara irin waɗannan?

Wani ƙanenmu da ke karatun likita a Rasha ne ya turo tambayar. Ya ce tunda kunnensa ya buɗe da Rashanci ya kamu da son waƙoƙin su Aleksandr Blok, rannan ya shiga wani shagon tsofaffin littattafai a Mosko ya ga littafin Blok na farko da shekarar 1905 a jiki, kuma kuɗin bai kai yadda ya zata ba. Yana so ya san ko na asali ne, ta ina mutum zai fara tara littattafan waɗannan marubuta waƙoƙin da ake kira Simbolist, wato masu isar da ma'ana ta hanyar alamomi, kuma in ya saya zai iya tahowa da shi gida in ya gama karatu?

Toh ƙanena, kar ka saya tukuna. Littafin da ka gani sunansa Stikhi o Prekrasnoi Dame, wato waƙoƙi a kan kyakkyawar uwargida, kamfanin Grif na Mosko ne ya buga shi, kwafi 1,200 kacal, kuma duk da 1905 aka rubuta a jiki a watan Oktoban 1904 ya fito kasuwa. Babu wani mai shagon tsohon littafi a Mosko da bai san wannan littafin ba, ko yaron shago ya san shi, don haka in ka gan shi da araha to akwai dalili, ko dai sabon bugu ne da aka ɗauki hoton tsohon aka sake fitarwa, ko an cire masa bangonsa na asali, ko shafuka sun ɓace an cike da na wani, ko kuma akwai hatimin laburare da aka kankare. Araha ba ta ado, a wannan kasuwar ma ta fi muni.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne a wannan harkar ba sunan mawaƙi ake saye ba, jikin littafin ake saye. Waƙoƙin Blok ai suna nan kyauta a intanet, duk shagon da ka shiga akwai sabon bugu mai tsabta da bayanin malamai a baya. Abin da ke sa mutum ya zuba kuɗi shi ne wannan takardar, wannan bangon, wannan maɗaba'ar, a wannan shekarar. Saboda haka kafin ka haddace sunayen littattafai gara ka fara sanin waɗanda suka buga su, don su kaɗan ne kuma kowanne da kamanninsa.

A taƙaice dai tafiyar ta fara ne wajen 1892, shekarar da Dmitri Merezhkovski ya fitar da littafin waƙoƙinsa Simvoly ya kuma yi lacca a kan lalacewar adabin Rasha da sabbin hanyoyin da ke tasowa. Sai Valeri Bryusov, yana ɗalibin jami'a, ya buga wasu 'yan ƙananan littattafai guda uku masu suna Russkie simvolisty a 1894 da 1895 da kuɗin aljihunsa, ya ɓoye a bayan sunan wani wai shi Maslov a matsayin mai bugawa, har da wata waƙa mai layi ɗaya tak a fitowa ta uku wadda jaridu suka yi ta yi wa dariya, masanin falsafa Vladimir Solovyov ma ya zauna ya rubuta waƙoƙin kwaikwayo don ya yi musu shaƙiyanci. Waɗannan 'yan littattafan da aka raina yau in ɗaya ya fito gwanjo sai manyan masu tarawa su tashi tsaye. Bayansu ga Konstantin Balmont da Zinaida Gippius da Fyodor Sologub, su ake kira manya, sai na baya wato Blok da Andrei Bely da Vyacheslav Ivanov, ga kuma Innokenti Annenski shi kaɗai a gefe.

Kamfanin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne Skorpion na Mosko. Sergei Polyakov, ɗan gidan masu masaƙa, shi ya sa kuɗi wajen 1900, Bryusov kuma shi ne ƙwaƙwalwar wurin. Su suka buga Tertia Vigilia da Urbi et Orbi na Bryusov, da Budem kak solntse na Balmont a 1903, da Zoloto v lazuri na Bely a 1904, da tarin waƙoƙin Gippius na farko, da Cor Ardens na Ivanov a 1911 wanda Konstantin Somov ya yi wa zane. Su ne kuma masu mujallar Vesy daga 1904 zuwa 1909, ofishinsu a lokacin na cikin ginin otal ɗin Metropol, in ka bi ta wajen dandalin Teatralnaya ka ɗaga kai ka kalle shi. Grif na Sergei Sokolov kishiyar Skorpion ne, ya taso a 1903, ban da Blok su suka buga Urna na Bely a 1909 da Kiparisovyi larets na Annenski a 1910 bayan mutuwarsa. A Pitasbag akwai ɗan ƙaramin kamfanin Ivanov mai suna Ory, su ne masu 'yan littattafai kamar tafin hannu, irin su Snezhnaya maska na Blok a 1907 da zanen Lev Bakst a gaba. Sai Musaget da Emil Medtner ya jagoranta daga wajen 1910, sai Shipovnik, sai mujallar Zolotoe runo ta attajiri Nikolai Ryabushinski wanda ya yi ta ɓarin kuɗi a kan takarda mai tsada har da farko yana bugawa da Rashanci da Faransanci gefe da gefe, sai Alkonost na Samuil Alyanski bayan juyin juya halin 1917. In ka san tambarin kowannensu da irin haruffan da suke so da girman littattafansu, wallahi rabin yaudarar kasuwa ta wuce ka.

Yanzu in littafi yana hannunka me za ka duba? Fara da rubutun. Kafin dokar Oktoban 1918 Rashanci na da haruffan da yanzu babu su, akwai ѣ da і da ѳ, kuma duk kalmar da ta ƙare da baƙi sai an sa mata ъ a ƙarshe. Littafin 1905 da aka rubuta da rubutun da kake karantawa a aji ba na 1905 ba ne, shikenan magana ta ƙare. Amma kar ka juya maganar ka ce duk mai tsohon rubutu tsoho ne, don waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Balin da Paris sun ci gaba da tsohon rubutu shekaru da yawa, wasu don ƙin Bolshevik, wato 'yan gurguzun da suka karɓi mulki, kawai, kuma sabon bugu na hoto ai da tsohon rubutun zai fito. Sai ka juya bayan shafin suna ka nemi layin izinin masu tace littattafai, wanda ke cewa Dozvoleno tsenzuroyu da gari da kwanan wata, ƙananan littattafai kafin 1906 yawanci suna da shi. Na Blok ɗin nan akwai abin dariya a ciki, a Mosko aka buga amma izinin daga Nizhni Novgorod ya fito, saboda Medtner ɗin da na ambata a lokacin shi ne jami'in tacewa a can kuma mutuminsu ne, sai suka kai masa don kar na Mosko su yi musu kaca-kaca da waƙoƙin. Sunan gari ma yana magana, Pitasbag ta koma Petrograd a 1914 ta koma Leningrad a 1924, sai dai Alkonost da taurin kai suka ci gaba da rubuta Peterburg a littattafansu har bayan 1918, kar wannan ya ruɗe ka.

Daga nan sai takarda da bugu, kuma nan ne ake kama yawancin jabu. A wancan zamanin da haruffan dalma ake bugu, ana danna su a kan takarda, don haka in ka karkata shafin wajen haske ko ka shafa bayansa da ɗan yatsa a hankali za ka ji harafin ya ɗan nutsa. Bugun hoto na baya sumul yake kamar an zuba. Ka sayi ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo ka riƙa yawo da shi a aljihu, a tsohon bugu za ka ga tawada ta ɗan taru a gefen harafi, a na firinta kuma ɗigo-ɗigo za ka gani ko wani ƙyalli a saman takarda. Sake bugun nan ba duka ne na mugunta ba, kamfanin Ardis da Carl Proffer da matarsa Ellendea suka kafa a Ann Arbor ta Amurka a 1971 ya sake fitar da tsofaffin littattafan waƙoƙi da yawa lokacin da Tarayyar Sobiyat ta hana wasu, a Jamus da Ingila ma an yi, daga baya kamfanin Kniga na Mosko shi ma ya yi. Su sun rubuta a jiki cewa sabon bugu ne, mugu ne ke yage wannan shafin ya jiƙa sauran da ruwan shayi ya bar shi a rana. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya, gefen shafi ya fi tsakiya duhu, akwai ɗigon tsatsa nan da can, in da ƙarfe aka ɗinke to tsatsar ta ci takardar da ke kewaye. Wanda ya yi ja bai ɗaya daga farko har ƙarshe ka ajiye musu kayansu.

Bango kuwa shi ne rabin kuɗin, wani lokacin ma fiye. Kusan duk waɗannan littattafan da bangon takarda mai laushi suka fito, mai saye ne ke kai wa maɗinki a yi masa na fata ko na ƙyalle, kuma maɗinka da yawa yage na asalin suke su yar, su datse gefen shafuka don ya yi kyau a kanta. To masu tarawa na asalin suke nema, tunda a nan zanen su Somov da Bakst da Dobuzhinski da Feofilaktov yake. Littafi mai bangon fata da ruwan zinare zai fi burge ka a ido, amma wani yamutsattse mai bangon takarda da gefensa ya ɗan tsattsage zai iya ninka shi kuɗi. Matsakaici shi ne wanda aka ɗinke amma aka bar bangon asali a ciki, gaba da baya. In kuma ka samu wanda ba a ma yanka shafukansa ba, suna nan a manne ta sama yadda aka naɗe takardar, don Allah kar ka sa wuƙa, ka karanta waƙar a wayarka.

Hatimi iri biyu ne. Akwai na shagunan tsofaffin littattafai na zamanin Sobiyat a bangon baya, da farashi da biro, wani an soke an sake rubutawa bayan canjin kuɗin 1961 da aka cire sifiri ɗaya, wannan ba laifi ba ne, ni har daɗin ganinsa nake ji don yana nuna littafin ya daɗe yana yawo a hannun mutane. Takardar mallaka ta wani sanannen mai tarawa ma ƙara daraja take. Mai haɗarin shi ne hatimin laburaren gwamnati, ko wurin da ka ga takarda ta yi siriri ta yi fari alamar an kankare wani abu, duba shafin suna da shafi na 17 don a nan laburaren Rasha suka saba bugawa. In babu hatimin da ke nuna laburaren da kansa ya fitar da littafin daga kayansa, to kayan sata kake riƙe da shi. Kuma ba tsohon labari ba ne, a 2022 da 2023 wasu gungu sun bi laburaren jami'o'i a Warsaw da Tartu da Vilnius da Paris da wasu biranen suna karɓar tsofaffin littattafan Rasha kamar masu bincike suna mayar da jabu, 'yan sandan Turai sun ce littattafan sun kai wajen 170, an yi kame a 2024. Su Pushkin da Gogol aka fi ɗauka amma tun daga nan duk dillalin kirki sai ya tambayi asalin kaya, kai ma ka tambaya.

Maganar sa hannun mawaƙi kuwa, a matsayinka na sabon shiga ka ɗauka duk wanda aka nuna maka ƙarya ne har sai an tabbatar. Dabarar ita ce a samu littafi na gaske mai araha a rubuta masa sadaukarwa da sunan Blok ko Bryusov, kuɗi ya ninka sau da yawa. Masana suna duba ko wanda aka rubuta wa ɗin sananne ne a rayuwar mawaƙin, ko a ranar yana garin, tunda Blok mutum ne mai rubuta komai a littafin ajiyarsa, ko tawadar ta bazu yadda sabuwar tawada ke yi a tsohuwar takarda, ko mai rubutun ya yi tuntuɓe a wurin sa ѣ. Haka 'yan littattafan da aka rubuta da hannu a shagon marubuta na Mosko wajen 1920, lokacin da takarda da maɗaba'a suka yi wuya mawaƙa suka koma kwafar waƙoƙinsu da kansu suna sayarwa don su ci abinci, abin sha'awa ne matuƙa amma ba wurin wasan yaro ba ne.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kalmar bugun farko. Ɗauki Dvenadtsat na Blok, kowa hankalinsa na kan na Alkonost na 1918 mai zanen Yuri Annenkov, kwafi 300 masu lamba, 25 daga ciki mai zanen ya shafa musu launi da hannunsa. To amma waƙar ta riga ta fito a jaridar Znamya truda a watan Maris na shekarar, ta kuma fito a wani ɗan littafi tare da waƙarsa Skify kafin na Annenkov, kuma Alkonost ɗin sun sake bugawa da yawa daga baya da zanen iri ɗaya. Kaga mutum uku za su iya ce maka nasu ne na farko kuma kowa da 'yar gaskiyarsa. Shi kansa Stikhi o Prekrasnoi Dame da Musaget ta sake fitarwa a 1911 kusan wani littafi ne daban, na Grif waƙoƙinsa ba su kai 100 ba, na Musaget sun kai wajen 300. Bely ya fi kowa wannan hali, ya yi ta sake rubuta tsofaffin waƙoƙinsa har abokansa na cewa a ƙwace masa su, don haka abin da ke cikin bugun Balin na 1923 ba shi ne abin da matasan Mosko suka karanta a 1904 ba. A ganina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na neman tsohon bugu, ka ga littafin yadda mawaƙin ya jera shi a lokacin, don su Simbolist littafi suke ginawa sashe bayan sashe, ba tara waƙoƙi kawai suke ba.

To me za ka fara saya? Littafin Tarasenkov. Anatoli Tarasenkov ya tsara jerin littattafan mawaƙan Rasha na ƙarni na 20, ya fito a 1966, Lev Turchinski ya faɗaɗa shi aka sake bugawa a 2004, a ciki za ka ga kowane littafi da garinsa da maɗaba'arsa da yawan shafuka, sau da yawa har da yawan kwafi. Dillalai da shi suke magana. In ka samu kundin tarin Ivan Rozanov ko na Moisei Lesman ka haɗa. Sannan ka yi amfani da damar da kake da ita wadda mu nan ba mu da ita, ka yi katin babban laburaren Rasha da har yanzu ake kira Leninka, ka je gidan Bryusov da ke Prospekt Mira wanda yanzu gidan tarihin adabin wancan zamanin ne, da gidan Bely a Arbat, in ka leƙa Pitasbag ka je gidan Blok a bakin kogin Pryazhka. Ka riƙa zuwa kallon kaya kafin ranar gwanjo ko da ba ka da ko kwabo, suna bari a taɓa. Hannu ne ke koyon wannan abin.

In ka tashi kashe kuɗi ka fara da waɗanda ba a rububinsu. Fitowa ɗaya ta Vesy ko ta mujallar Apollon, juzu'i ɗaya daga tarin Balmont da Skorpion ta yi ta sake bugawa, ƙananan littattafan Sologub na 1921 da 1922, Yamby ko Sedoe utro na Blok daga Alkonost. Balmont ya yi rubutu kamar ruwan sama don haka nasa sun fi sauƙin samu, ban da na farkonsa na Yaroslavl a 1890 wanda shi da kansa ya bi ya lalata yawancin kwafin saboda kunya. Kuma ka zaɓi layi ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko mawaƙi ɗaya, ko mai zane ɗaya. Littafi goma na Ory ko na Alkonost da suka haɗu sun fi tarkace hamsin ma'ana, ko a wajen sayarwa.

Sai maganar tahowa da shi gida, kuma nan ka buɗe kunne da kyau. Rasha na da dokar fitar da kayan tarihi tun 1993, an yi mata gyara daga baya, kuma littafin da ya haura shekara 100 yana cikin abin da ba a fita da shi sai da takardar izini daga ma'aikatar al'adu bayan masani ya duba shi, wanda aka ga yana da muhimmanci na musamman kuma ana iya hana shi fita gaba ɗaya. Duk littattafan da muke magana a kai sun haura 100. Kar wani ya ce maka ka cusa a tsakiyar littattafan karatunka ba mai dubawa, in kwastan suka gani ba ƙwacewa kawai ba ne, laifi ne da ake kai mutum kotu, kuma kai baƙo ne mai bizar karatu. Ka riƙe rasit na kowane littafi, ka fara neman izinin da sauran watanni kafin tafiya, ka kuma tambayi dokar yadda take a lokacin. Shi yasa ma wanda zai zauna a waje ya fi masa sauƙi ya nemi bugun 'yan hijira daga dillalan Jamus da Faransa da Amurka, Balin ta 1921 zuwa 1923 cike take da kamfanonin Rasha irin su Slovo da Epokha da Grzhebin da Gelikon saboda faɗuwar kuɗin Jamus ya sa bugu ya yi araha, kuma waɗannan suna waje tun asali, babu mai tare ka.

Riba kuwa, kar ka shiga don ita. Masu sayen nan yawancinsu 'yan Rasha ne, tun 2022 manyan gidajen gwanjon Landan suka dakatar da gwanjon kayan Rasha da suka saba yi, katin banki na waje ba ya aiki a can, kasuwar ta rabe biyu. Kuma in ka kawo littafin Kano ko Zinder wa za ka sayar wa?

In dai ya iso gida to yanayinmu ne babban abokin gabarsa. Takardar wancan lokacin, musamman ta shekarun yaƙi da yunwa daga 1918 zuwa 1922, ta niƙaƙƙen itace ce mai tsami da ke cin kanta, hunturu ya busar da ita ta riƙa karyewa a hannu, damina ta zo danshi ya kawo fumfuna, ga gara ga kyankyaso masu son manne na bayan littafi. Kowane littafi ka yi masa 'yar riga ta takarda marar tsami ka kwantar da shi a akwatin kwali mai kyau, a ɗakin tsakiya wanda rana ba ta dukan bangonsa, nesa da ƙasa, kuma kar ya jingina da gini. Kar ka ƙulle shi a leda, gumi zai yi a ciki. Kar ka sa shi a gafakar fata kai tsaye sai da takarda a tsakani. Ɗakin da ake kunna na'urar sanyi wuta ta ɗauke ya koma zafi ta dawo ya koma sanyi ya fi ɗakin da ke da ɗumi bai ɗaya illa, hawa da saukan ne ke kashe takarda. Salatif kuwa ko kusa, ko da bango ya rabe biyu ka bar shi a haka cikin rigarsa har ka samu mai gyaran tsofaffin takardu, irin waɗanda ke aikin rubuce-rubucen hannu na Ajami da Larabci a Arewa House ta Kaduna sun san yadda ake yi da siririyar takardar Japan da manne na alkama. Kuma duk wata biyu ko uku ka buɗe akwatin ka duba, musamman daga Yuli zuwa Satumba.